Rashin Jituwa Tsakanin Makirufo da Kyamarar Bidiyo: Darasi ga Masu Tattara Adabin Baka a Ƙasar Dutse

Tsakure

Kyamarar bidiyo ta zama abokiyar tafiyar ɗaliban harshe da adabi da al'ada a duk lokacin da suka fita tattara bayanai. Sai dai sau da dama akan dawo gida da hoto tangaram, amma murya ta ɓace ko ta dagule, alhali muryar ita ce ainihin abin da aka je nema. Wannan maƙala ta bibiyi dalilan da ke hana makirufon da aka jona daga waje aiki da kyamara. Ta nuna cewa mafi yawan abin da ake kira lalacewar makirufo saɓani ne a ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: siffar fulogi, wutar da makirufo ke buƙata, ƙarfin siginar da ke shiga, da yadda aka haɗa wayoyin cikin kebul. An kawo misalai daga yanayin aiki a Dutse da kewayenta, sannan aka jera matakan da mai bincike zai bi ɗaya bayan ɗaya domin gano inda gizo ke saƙa tun kafin ya danna maɓallin ɗauka.

Fitilun Kalmomi: makirufo, kyamara, fulogi, sigina, adabin baka, Dutse

1.0 Gabatarwa

Tun bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta riƙa bunƙasa a matsayin cibiyar mulki da karatu. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da jami'ar jiha da ke Kafin Hausa a 2013, wadda a yau ake kira Jami'ar Sule Lamido, ya ƙara yawan ɗaliban da ke shiga ƙauyuka da kasuwanni domin bincike. Ƙananan hukumomi bakwai na Masarautar Dutse, wato Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram, cike suke da abin nazari: waƙoƙin daka da na niƙa, kirarin maharba, kiɗan fada a Garu lokacin hawan salla, cinikin dillalai a kasuwar Shuwarin, har da duwatsun nan masu amo na Birnin Kudu waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950. Duk waɗannan abubuwa ne da kunne ke da rabo mafi girma a cikinsu.

Abin da ya haifar da wannan rubutu wani rashi ne da mai maƙalar ya taɓa yi da kansa. Ya zauna da wata dattijuwa a wani ƙauye na ƙasar Kiyawa, ta rera masa waƙoƙin niƙa na kusan minti arba'in, makirufo maƙale a mayafinta, jar fitilar kyamara tana kunne. Da ya dawo Dutse ya buɗe, sai ga bakin dattijuwa yana motsi, hannunta yana kai da komo a kan dutsen niƙa, amma ko tari ba a ji. Kafin ya sami damar komawa bayan kaka, ta riga mu gidan gaskiya. Makirufon lafiyarsa ƙalau, kyamarar ma haka. An dai ƙera makirufon ne domin wayar salula, shi kuwa ya cusa shi a kyamara. Adaftar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba ita ce ta raba shi da waƙoƙin da babu mai sake rera su.

2.0 Matsayin Ingancin Sauti a Nazarin Hausa

Mai ɗaukar bidiyon biki zai iya rufe muryar da ta lalace da kiɗa. Mai nazarin harshe ba shi da wannan mafita, domin Hausa tana rataya ma'ana a kan abubuwan da rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Karin sauti ne ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, shi ne kuma ya raba wuya na jiki da wuya ta wahala. Tsawon wasali ne ya raba gari na mutane da gari na tuwo. Ɗan bambancin furuci ne tsakanin kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da sara da tsara. Idan faifan da aka ɗauko ya cika da ƙugi ko huci, waɗannan bambance-bambance su ne farkon abin da ke nutsewa.

Ana iya auna wannan da lissafi. Tushen amon muryar namiji baligi yana kai da komo ne tsakanin Hz 85 zuwa 180, na mace kuwa tsakanin Hz 165 zuwa 255, kuma a nan ne karin sauti yake zaune. Zuzar da ke cikin s da ts tana can sama, galibinta daga Hz 4,000 zuwa abin da ya fi haka. Ƙugin lantarki yana cin ɓangaren ƙasa, hucin kyamara yana cin ɓangaren sama. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka samar a Jami'ar Amsterdam kuma masu nazarin furuci ke dogaro da ita, takan ruɗe ta riƙa bin ƙugin a maimakon muryar mai magana. Saboda haka gyaran sauti ba aikin da za a bar wa mai tace bidiyo ba ne. A filin bincike ake yin sa.

3.0 Sharuɗɗa Huɗu na Jituwa

Makirufo yana mayar da motsin iska ya zama 'yar ƙaramar wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda ake kira sigina. Kafin siginar ta isa katin ajiya lafiya, sai makirufo da kyamara sun yi daidai a wurare huɗu.

3.1 Siffar Fulogi

Ƙananan kyamarori suna karɓar sauti ne ta kafa mai faɗin milimita 3.5. Fulogin da ke shiga wannan kafa iri uku ne, kuma dukkansu suna shiga daram, wanda shi ne tushen ruɗanin. Idan aka duba ƙarfen fulogin za a ga ya rabu gaɓa-gaɓa kamar rake, da baƙin zoben roba tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta. Mai zobe ɗaya gaɓarsa biyu, shi ake kira TS. Mai zobe biyu gaɓarsa uku, shi ne TRS. Mai zobe uku gaɓarsa huɗu, shi ne TRRS.

Kyamara tana jiran TRS ne. Tana sauraren ɓangaren hagu a tsinin fulogi, ɓangaren dama a gaɓar tsakiya, sannan gindin ya zama mahaɗar ƙasa, wato hanyar da wuta ke komawa. Wayar salula kuwa TRRS take amfani da shi. A tsarin CTIA, wanda mafi yawan wayoyin yanzu ke bi, tsini da gaɓa ta biyu na sauraro ne, gaɓa ta uku mahaɗar ƙasa, muryar makirufo kuma tana gaɓa ta huɗu, can gindi. Idan aka sa makirufon waya a kyamara, kyamara za ta kasa kunne a tsini da gaɓa ta biyu, inda babu komai. Wani ƙarin tashin hankali shi ne da zarar fulogi ya shiga, kyamara takan kashe nata makirufon na ciki. Haka aka rasa waƙoƙin dattijuwar Kiyawa.

Akasin haka ma yana da nasa tarkon. Idan aka sa makirufon kyamara a waya, wayar takan ɗauka hedifon ne maras makirufo, sai ta ci gaba da ɗauka da nata na ciki. Mai bincike zai ji murya ya saki jiki, bai san daga nesa ake jiyo ta ba. Fulogin TS kuwa idan ya shiga kyamara, ɓangaren hagu kawai yake ba sauti, dama ya yi shiru.

Maganin shi ne adafta, amma ita ma tana da alƙibla. A cikin kayan kamfanin Rode, SC3 tana kai makirufon waya ga kyamara, SC4 tana kai makirufon kyamara ga waya, kuma kai mai ruwan toka shi ne ɓangaren TRRS. Makirufon kwala na BOYA BY-M1, wanda ya yawaita a hannun ɗalibai saboda sauƙin kuɗinsa, yana da makunni a jikinsa: ɓangare guda na waya, ɗaya na kyamara. Wanda ya manta bai tura makunnin ba zai dawo da shiru.

Wajibi ne kuma a tabbatar kafar da aka gani ta makirufo ce. Canon EOS 2000D ba ta da kafar makirufo ko kaɗan, ƙaramar kafar da ke gefenta ta rimot ce. Fujifilm X-T30 tana da kafa mai milimita 2.5 wadda makirufo da rimot suke tarayya a kanta, sai an shiga saiti an zaɓi wanda ake nufi. Makirufon USB kuwa lambobi yake aikawa irin na kwamfuta, don haka babu wata adaftar waya zalla da za ta sa kafar milimita 3.5 ta fahimce shi.

3.2 Wutar da Makirufo ke Buƙata

Makirufo iri biyu ne ta fuskar wuta. Nau'in dainamik, irin Shure SM58 da mawaƙa da masu wa'azi ke riƙewa, ba ya buƙatar wuta daga ko'ina, amma siginarsa rarrauna ce, ba ta kai milibolt 2 ba a ma'aunin da masu ƙera shi suka bayar. Nau'in kwandensa, wanda ya haɗa da na maƙalawa a kwala da dogon nan da ake ɗorawa a kan kyamara, ya fi jin sauti, amma ba ya motsi sai da wuta. Hanyoyin samun wutar uku ne.

Ta farko ita ce batirin da ke jikin makirufon. BY-M1 yana cin ƙaramin batir LR44 idan yana ɓangaren kyamara, kuma barin makunnin a can cikin jaka yana shanye shi. Rode VideoMic Pro yana cin batir mai bolt 9. Batirin da ya fara rauni ba kasafai yake yanke murya kai tsaye ba. Yakan fara da rage ta, sannan ya dagula ta.

Ta biyu ita ce 'yar wutar da kyamara ke turowa ta kafar milimita 3.5, wadda ba ta wuce bolt 2 zuwa 5 ba. Makirufo irin Rode VideoMicro da ita kaɗai yake rayuwa. A wasu na'urori, irin rakodar Zoom H1n, sai an kunna ta a cikin saiti.

Ta uku ita ce wutar fantom mai bolt 48, wadda kamfanin Neumann na Jamus ya fito da ita a 1966. Ba ta bi sai ta kebul mai fil uku da ake kira XLR, irin wanda ke jikin manyan kyamarorin gidajen talabijin, kuma akan ga makunninta da alamar +48V. A nan ɗalibai da dama ke tuntuɓe. Sukan aro dogon makirufon situdiyo, su sayi kebul mai XLR a kai guda da milimita 3.5 a ɗaya kan, su jona, su ji tsit. Kebul ya shiga, amma bolt 3 ba zai tayar da abin da ke jiran bolt 48 ba. Mafita ita ce a zaɓi makirufon da ke karɓar batir AA, kamar Rode NTG2 ko Sennheiser MKE 600, ko a bi da shi ta rakoda mai bayar da fantom, irin Zoom H5 ko Tascam DR-60D. A kiyaye kuma: tura bolt 48 ta adafta zalla zuwa ƙaramin makirufon kwala yana iya ƙona shi.

3.3 Ƙarfin Sigina

Siginar makirufo 'yan milibolt ce. Siginar da ke fitowa daga miksa ko rakoda, wadda akan rubuta wa LINE, ta kai bolt 0.316 a kayan gida, da bolt 1.23 a kayan ƙwararru. Tazarar ta kai ninki ɗari, wani lokaci ta doshi ninki dubu. Ana auna irin wannan tazara da desibel: ƙarin desibel 6 ninki biyu ne, 20 ninki goma, 40 ninki ɗari.

Wannan matsala ta fi bayyana a wurin taro. Mai bincike ya je maulidi ko wa'azi ko wasan mawaƙi, ya roƙi mai kayan sauti ya ba shi layi daga miksa, ya cusa a kafar da aka rubuta wa MIC. Tamkar an juye randa ne a cikin ludayi. Murya za ta fashe ta riƙa karcewa. Rage ƙarfin ɗauka a kyamara ba ya warkar da ita, domin fashewar ta auku tun a bakin ƙofa. Alamarta ita ce ma'aunin sauti ya tsaya cak a wuri guda a duk lokacin da aka yi magana, ko da bai kai ƙarshe ba. Idan kyamara tana da makunnin zaɓi tsakanin MIC da LINE, a mayar da shi LINE. Idan babu, a sa kebul mai rage ƙarfi, wanda ke sauke desibel 25 zuwa 50 gwargwadon abin da ke shigowa.

Kishiyar wannan ita ce sigina mai rauni. Idan aka jona makirufon dainamik a ƙaramar kyamara, dole a ɗaga ƙarfin ɗauka har ƙarshe, sai hucin na'urar kanta ya taso ya lulluɓe murya. Ƙa'idar ita ce a samo ƙarfi daga makirufo, a sassauta wa kyamara. Abin da ya sa VideoMic Pro yake da makunnin +20 ke nan. Kusanto da makirufo ma magani ne: a fili, duk lokacin da aka rage tazara da rabi ana samun ƙarin desibel 6 ba tare da kashe ko kwabo ba.

Sai kuma tsarin daidaita ƙarfi da kai, wanda ake kira AGC. Idan mai magana ya yi shiru, kyamara takan ɗaga kunnenta ta jawo kukan awaki da ƙarar babur, idan ya dawo kuma ta danne farkon kalmarsa. Ga mai nazarin tatsuniya, inda shiru da sassauta murya suke cikin fasahar mai bayarwa, wannan ɓarna ce. Canon 5D Mark II, wadda ta fito a 2008 ta buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi ƙofar ɗaukar fim, sai a 2010 aka ba masu ita damar saita sauti da hannu. A yau mafi yawan kyamarori suna da wannan dama. A saita da hannu, a bar mafi ƙarfin magana yana taɓa -12 a ma'auni, kada ya kai 0.

3.4 Haɗin Wayoyin Cikin Kebul

Kebul na XLR yana ɗauke da murya sau biyu: fil na 2 yana ɗauke da ita a miƙe, fil na 3 yana ɗauke da ita a juye, fil na 1 kuwa mahaɗar ƙasa ne. Na'urar da ke karɓa takan juyo ta biyun ta haɗa su, sai hayaniyar da kebul ya kwaso a hanya ta kashe kanta. Shi ya sa XLR ke tafiyar mita hamsin ba tare da ƙugi ba, alhali kebul ɗin milimita 3.5 yakan fara kwasar hayaniya idan ya wuce 'yan mitoci.

Akwai wata cuta mai ɓoyewa a nan. Wasu kebul masu sauya XLR zuwa milimita 3.5 suna kai fil na 2 ga tsini, fil na 3 ga gaɓar tsakiya. Kyamara sai ta ajiye murya a miƙe a hagu, a juye a dama. A hedifon za a ji magana, ko da yake kamar tana yawo a cikin kai. Amma ranar da aka kunna bidiyon a waya mai lasifika ɗaya, ko aka haɗe ɓangarorin biyu domin rediyo, hagu da dama za su cinye juna, murya ta kusa ɓacewa. Tun da yawancin masu kallo a yankin nan ta waya suke kallo, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Kebul ɗin da ya dace shi ne wanda ya kai fil na 2 ga tsini da gaɓar tsakiya tare, ya haɗe fil na 1 da na 3 a gindi. Idan an riga an ɗauka, wannan tana cikin cututtukan da ke da magani: a buɗe sautin a manhajar Audacity, a raba ɓangarorin, a jefar da ɗaya.

4.0 Abin da Muhalli ke Ƙarawa

Ko an cika sharuɗɗan nan huɗu, yanayin ƙasar Dutse yana da nasa jarrabawar. Ƙurar hunturu takan shige kafar kyamara ta hana ƙarfe taɓa ƙarfe, sai a riƙa jin ƙaras-ƙaras idan kebul ya motsa. A goge fulogi da tsumma mai tsabta, a busa kafar da abin busa ƙurar gilashin kyamara, a rufe murfinta idan ba a aiki. Iskar hunturun kuma ta fi ƙarfin soson da ke zuwa da makirufo, sai an sa masa rigar gashi. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana gajiyar da batir, don haka kada a bar jakar kaya a cikin mota a rana. Laimar damina kuwa takan sa makirufon kwandensa tartsatsi har sai ya bushe.

Wutar lantarki a Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Idan kyamara tana jone da caja, miksa kuma tana jone da wani soket ko janareta, akan sami ƙugi a Hz 50 da 100 da 150, daidai inda karin sautin muryar namiji yake. Tace shi daga baya yana tafiya da wani abu na muryar, balle ma ƙaramin janareta da gudunsa ke hawa da sauka. Gwajin mai sauƙi ne: a zare caja, kyamara ta koma kan batir. Idan ƙugin ya ɗauke, an gano mai laifi.

Wayar salula ma tana shiga kebul. Idan ta sauka kan layin 2G, kamar yadda yakan faru a ƙauyukan da sabis ke da rauni, takan aika sigina a guntu-guntu kimanin sau 217 a daƙiƙa, a ji dit-dit-dit a cikin faifai. A roƙi na kusa su kashe wayoyinsu ko su nisanta su. Makirufo maras waya kuma, irin mai aiki a kan GHz 2.4, jikin ɗan'adam yana tare siginarsa. A cikin cunkoson hawan salla ko tsakiyar kasuwa, tazarar da aka rubuta a kwalinsa takan ragu ƙwarai.

Wata shawara ta musamman ga mai ɗaukar kiɗa: makunnin da ke yanke ƙananan amo domin rage iska yana da amfani a hira idan yana wajen Hz 80. A kashe shi gaba ɗaya idan tambari ko ganga ake ɗauka, domin nauyin amonsu a can ƙasa yake.

5.0 Matakan Gano Matsala

Babban kuskure shi ne a canza abubuwa uku a lokaci guda. Ko sauti ya dawo, ba a san abin da ya gyaru ba, gobe kuma za a maimaita. A bi waɗannan matakai a jere, ana sauya abu ɗaya tak a kowane mataki.

Na ɗaya, a zare makirufo a yi magana. Idan ma'auni ya motsa, kyamara tana ɗaukar sauti. Idan bai motsa ba, a duba saiti, wataƙila an kashe sauti, ko kyamara tana yanayin ɗaukar hoto mai tafiyar hawainiya, wanda a kyamarori da yawa ba ya ɗaukar murya.

Na biyu, a ƙirga zoben fulogi, a tabbatar kafar ta makirufo ce, a tura shi har ya zauna. Fulogin da ya shiga rabi yakan ba da ɓangare ɗaya ko ƙugi.

Na uku, a yi gwajin farce. A karci kan makirufon a hankali, sannan a karci jikin kyamara kusa da nata makirufon. Wanda ya sa ma'auni ya yi tsalle shi ne ke aiki.

Na huɗu, a tambayi wuta: batir ne, ko wutar kafar kyamara, ko fantom? An kunna? Batirin sabo ne?

Na biyar, a duba ƙarfi. Murya mai fashewa tana nuna sigina ta yi yawa, murya mai nisa cikin huci tana nuna ta yi kaɗan.

Na shida, a musanya kebul da wani, sannan a gwada makirufon a wata na'ura. Kebul ya fi komai saurin mutuwa, musamman a wuyan fulogi inda yake lanƙwasa.

Na bakwai, a ɗauki minti ɗaya, a saurare shi da hedifon, sannan a tura shi waya a saurara ta lasifikarta. Wannan ne ke tona asirin muryar da aka ajiye a juye.

Ma'auni yana nuna akwai sauti, amma ba ya faɗin ko murya ce ko ƙugi. Kunne kaɗai ke rarrabewa. Kyamarori irin Canon 600D da 700D suna da kafar makirufo amma ba su da ta hedifon. Mai irinsu ya riƙa tsayawa yana saurarar abin da ya ɗauka, ko ya ɗauki sauti a rakoda daban a kan kHz 48, ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka domin a sami wurin haɗa hoto da murya. Ko da komai yana tafiya daidai, ajiye waya a gefe tana ɗaukar murya a matsayin ta ko-ta-kwana ba ya cin komai.

6.0 Aikin Gwaji ga Ɗalibi

Kafin fita bincike, ɗalibi ya zauna da ainihin kayan da zai tafi da su. Ya rubuta a takarda irin fulogin makirufonsa, da hanyar wutarsa, da irin kafar kyamararsa. Ya sa abokinsa ya furta kuka da kuka, gari da gari, kafa da ƙafa, sara da tsara, a tazarar taƙi ɗaya, sannan a tazarar taku uku, a cikin ɗaki da kuma a fili. Daga nan ya ba wani da bai halarci ɗaukar ba ya saurara ba tare da kallon hoto ba, ya faɗi ma'anar kowace kalma. Idan mai sauraro ya yi kuskure, kayan ba su shirya ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa shigar fulogi cikin kafa ba ta tabbatar da jituwa. Sai siffar fulogi ta dace da abin da kyamara ke jira, makirufo ya sami irin wutar da yake buƙata, ƙarfin sigina ya yi daidai da ƙofar da zai shiga, sannan wayoyin cikin kebul su kasance a haɗe yadda ya kamata. Ta kuma nuna yadda ƙura da iska da janareta da wayar salula ke ƙara dagula al'amari a ƙasar Dutse, ta jera matakai bakwai na bin sawun matsala. Ana ba sassan da ke koyar da Hausa shawarar su sanya wannan gwaji cikin darasin dabarun bincike, su kuma tanadi adafta da kebul mai rage ƙarfi da hedifon a cikin kayan da suke ba ɗalibai aro.  Dattijan da ke riƙe da waƙoƙin daka da kirarin farauta a Jahun da Miga da Gwaram suna raguwa kowace shekara, kuma da yawansu sau ɗaya mai bincike zai sami zama da su.